Ƙwaya Casa'in a Raba Biyu

Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa a layin. Sikeli kowa ke ce mata, har jikokin maƙwabta da ba su san aikin sikeli ba. Tun tana 'yar mitsitsiya, in uwarsu ta miƙa mata abu, ba ta duban na hannunta sai ta fara leƙa na hannun ƙanwarta. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Nata idon har gyara yake nema.

Su biyu kaɗai suka rayu wa uwarsu, ita da Auta, shekara uku tsakani. Uwar mai kitso ce, kan mutane a cinyarta tun safe har la'asar, ba ta da lokacin shari'ar yara. Sai ta kafa doka ɗaya a gidan: duk abin da ya shigo, ƙarama ta raba, babba ta zaɓa, kuma abin da aka raba ya rabu, ba ya komawa ko da kuka. Ƙwai, lemo, sabulun wanka, ragowar yadi, duk haka. Auta ta tashi da hannun rabo, tana yanka abu daidai kamar an auna da zare. Sikeli ta tashi da idon zaɓe, ta ɗauki rabi ta juya shi, ta ajiye, ta ɗauki ɗayan, ta tafi da shi, zuciyarta kuma na wurin wanda ta bari.

Aure ne kawai ba a raba musu ba, kuma nan ta fi jin ciwo. Ita ta samu mai gyaran rediyo, mutum shiru-shiru da ya fi magana da wayoyi a kan matarsa, suka yi shekara goma sha ɗaya ba haihuwa ba faɗa, rannan ya kwanta bai tashi ba. Auta ta samu direban babbar mota, dogo, mai wushirya, wanda ba ya dawowa hannu biyu. In ya danna odar motarsa a bakin layi, Sikeli sai ta ce kanta ke ciwo. Da direban ya fara ramewa, tari ya ƙi jin magani, ya mutu ya bar Auta da gudawa da ƙuraje, dangin miji suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Sikeli ce ta je ta ɗauko ta. Ita ta wanke ta, ta wanke zannuwan, ta ɗura mata ruwa da cokali, tana yi tana mita.

"Buɗe baki. Da kina cin tsarabar direba ke kaɗai ai ba ki neme ni ba."

Kar wani ya ce ba ta son ƙanwarta. Tana sonta, irin son da hannun dama ke yi wa na hagu, yana wanke shi yana ƙirga masa zobba.

Uwarsu ta riga ta rasu a lokacin, ciki a kumbure, ido kamar an ɗiga ɗorawa. Ta bar musu shagon kitso: kujeru biyu 'yan tsugunno, tabarma, kwandon mataji da kibiyoyi, gwangwanayen man gashi a jere bisa kanta, kwalaben duwatsun ado na ƙarshen kitso, da madubi ɗaya dogo mai tsaga a kusurwa. Komai ya rabu ban da madubin. Saboda madubin nan suka zauna shago ɗaya shekara ashirin.

Ranar da aka auna jininsu a asibiti, Sikeli raka Auta kawai ta je yi, nas ta ce ita ma ta miƙo hannu tunda ciwon uwarsu ya yi kama da na hanta. Bayan mako biyu likita ya zaunar da su. Ya fara da Auta. Ƙanjamau ne, wannan sun riga sun zata. Sai ciwon hanta wanda suke kira B, mai yiwuwa tun wurin haihuwa suka same shi. Sai kuma wani ƙaramin mugu da ake ce wa D.

Nas ɗin, wata gajeriya mai tabarau da kowa ke kira Sista, ita ta fassara musu da maganar mutane. Ta ce D tsirara yake, ba shi da rigar kansa, sai ya ari ta B yake iya fita, shi ya sa ba ya shiga jikin da B ba ya ciki. Amma in sun haɗu, ɓarnar da ɗaya zai yi a shekara ashirin, su biyu sai su yi ta a biyar ko goma. Ƙanjamau kuma shi ne ya kwantar da maigadin jiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to nata bangon ya tsage, ƙadangarun kuma biyu ne, duk a hanta ɗaya.

Da aka zo kan Sikeli, likita ya yi murmushi. B kaɗai gare ta, shi ma barci yake. Hanta lafiya. Ba ta buƙatar magani yanzu, ta riƙa zuwa duk wata shida a duba.

Mai hankali da godiya zai fita. Sikeli ta fito tana kallon hannun Auta: kati mai hoto, robar magani fara mai murfi shuɗi, takardar ranar dawowa, da lambar wayar Sista. Ta dubi nata hannun, 'yar takarda ɗaya da ba ta kai tafin hannu ba.

"Ke uku, ni ɗaya," ta ce a bakin ƙofar asibiti. "Har a ciwo sai kin fi ni."

Auta ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, har ta dafa bango. Ta ɗauka wasa ne.

Magani ya karɓi Auta. Ƙwaya ɗaya kowace safiya, kafin a buɗe shago. Cikin shekara guda kumatu suka dawo, gashin da ya zube ya tsiro, fata ta yi sheƙi. Duk wata uku sai ta ci ado ta tafi asibiti, a ɗora ta kan sikeli na gaske, a rubuta, a cika mata roba da ƙwaya casa'in. In ranar ta matso, Sista ta kira ta a waya: "Hajiyata, kar ki manta da mu." Akwai kuma taron da suke yi, su masu shan maganin, ran Asabar ɗin ƙarshen wata, su zauna a inuwa su yi hira, ta dawo da labarai da sababbin ƙawaye.

Sikeli ba wanda ya taɓa kiranta a waya ya ce kar ta manta da shi. Zuwanta na wata shida, ta yi layi tun safe, a ɗebi jini, a ce lafiya lau, sai wani jiƙon. Ko sunanta ba sa riƙewa.

A shago ma haka. Da ma mata sun fi son hannun Auta, sun ce nata da sanyi, na Sikeli kuwa in ta ja gashi har gira sai ta ɗaga. Yanzu sai aka ƙara da yabon jiki. Matar mai gidan burodi, wadda ba ta san komai ba, ta zauna gaban Auta tana kallonta ta madubi.

"Wai Auta me kike ci ne? Kin koma yarinya. Wanda bai sani ba sai ya ce wannan mamarki ce."

Sikeli na tsaga kan wata malamar makaranta a lokacin. Malamar ce ta biya bashin maganar, har hawaye ya zubo mata.

"Yi haƙuri, Malama, gashin ne ya cukurkuɗe."

Ranar da abin ya juye, Auta ce ta kawo maganar da bakinta, ba da wata manufa ba. Ta dawo daga taronsu tana warware gyale, ta ce yau Sista ta gaya musu wani abu. Ashe ƙwayar nan aiki biyu take yi. Tana danne ƙanjamau, tana kuma danne B. D ne kawai ba ta kama shi kai tsaye, shi ya sa ake duba hantarta a kai a kai. Sista ta ce masu B kada su kuskura su tsallake, don in aka ɗaga wa B ƙafa ya fi kowa iya ramuwa.

Rabin farko Sikeli ta ji. Rabin ƙarshe ya wuce ta bayan kunne.

"Tsaya. Wannan da kike haɗiya kullum maganin ciwona ne?"

"Har da shi, Yaya."

"Shekara uku yana ɗakin nan."

"Ai ke likita ya ce naki barci yake."

"Na Inna ma ai barci yake, har ya tashi ya tafi da ita." Ta ajiye matajin da take wankewa. "Wato ni da na kama kaina, na zauna da mai rediyo kamar an dasa ni, ni ce za a bari hanta ta cinye. Wanda ya kwaso uku shi ake lallashi."

Kwana huɗu Sikeli ba ta yi mata magana sai ta aiki. Miƙo kibiya. Kau da ƙafarki. Da safe in Auta ta girgiza roba za ta ɗauki ƙwaya, sai Sikeli ta dafe gefen cikinta na dama ta yi nishi, ba da ƙarfi ba, daidai yadda za a ji. A rana ta biyar ta fito da abin da ke ranta.

"Tun da aka haife mu me ya taɓa shigowa ɗakin nan ba a raba ba?"

"Yaya, magani ne."

"Ranar da nake wanke miki zani ban ce ƙazanta ce ba."

Wannan maganar ita ta karya Auta. Ta karɓo sabuwar roba a makon, ko hatimin bakinta ba ta ɓalle ba. Ta shimfiɗa farin ɗankwali a kan tabarma, ta juye ƙwayoyin, ta ja su da kibiya ɗaya nan ɗaya can, kamar tana tsaga kai. Arba'in da biyar, arba'in da biyar. Sikeli ta durƙusa ta dubi wannan tsibi, ta dubi wancan, ta ɗauki na dama. Ta wanke wani gwangwanin man gashi da ya ƙare, ta shanya shi a rana, ta zuba nata a ciki ta tura ƙarƙashin katifa.

Ta sha ɗaya washegari. Ta wuni kanta na juyawa, bakinta ba daɗi. Ta sha bayan kwana biyu, ta sake sha ran da ta ji gajiya. Daga nan sai ta ga ai ba sauri ake ba. Abu mai daraja ba a cinye shi a zama ɗaya. Takan fito da gwangwanin ta buɗe, ta duba, ta rufe, sai ta ji sanyi a ranta. Ba shan take so ba, mallakar take so, amma ko ita ba ta san haka ba.

Game da Auta kuwa, ta yi wa kanta lissafi mai daɗi. Su ai nasu ba ya ƙarewa. In ya ƙare ta je wurin Sistarta mai kiranta Hajiyata, a ƙara mata. Kuma ga shi kowace safiya tana jin ƙarar robar daga ɗaya gefen labule, kacau-kacau, sai ƙarar kofi, sai Auta ta fito tana goge baki. Wata guda, wata biyu, robar ba ta daina kacau ba. Sikeli ta ce a ranta, ka gani, an ƙara mata a ɓoye, ba ta ma gaya mini ba. Har wannan ma ta ji haushinsa.

A mako na goma sha ɗaya Auta ta fara barin abinci. Ta ce ƙamshin man gashi na tayar mata da zuciya. Takan yi kitso rabi ta ce bari ta ɗan miƙe, sai a same ta kwance a bayan labule. Sikeli ta ce sangarta ce, masu kati ai ba sa rabo da shagwaɓa, ta ƙarasa kitson tana jin daɗin kawunan da suka dawo cinyarta.

Matar mai gidan burodi ce ta gani. Da hantsi ne, rana ta shigo ta ƙofa ta bugi madubi. Tana zaune gaban Auta, ta ɗaga kai ta dubi madubin, ta daɗe tana dubawa.

"Auta, madubin nan ne ya tsufa, ko idonki ne?"

Sikeli ta waiwaya. A madubin uwarsu ta ga idon uwarsu. Ta san launin nan, ta yi jinyarsa wata huɗu. Kibiyar hannunta ta faɗi, ba ta tsaya ɗauka ba. Ta bar mace da rabin kai a tsefe, ta tare mota.

Aka kwantar da Auta a gadon da ke jikin taga, aka sa mata ruwa a hannu. Likitan da ya taɓa yi wa Sikeli murmushi yau bai yi ba. Ya ce hantar ta kumbura, tana cikin wuta, kuma dole ya san abin da ya kunna wutar, don hanyar kashe ta ta danganta da haka. In maganin ne ya daina aiki, ko shi ne ya fara cutar da ita, sai a dakatar da shi a sake lale. In D ne ya yi tsalle, wannan wata magana ce. Gwajin da zai faɗi gaskiya sai an aika jini wani wuri, kwana goma kafin ya dawo, hantar kuma ba lallai ta jira kwana goma ba.

"Kin sha jiƙe-jiƙe?"

"A'a, likita."

"Maganinki fa? Kina sha kullum?"

Auta ta dubi silin. "Kullum."

"Ko sau ɗaya ba ki tsallake ba?"

"Tambayi Yaya. Tana jina kowace safiya."

Sikeli ta gyaɗa kai, don gaskiya ne tana ji. Gwangwanin nan na ƙarƙashin katifa dai ya hau mata kan ƙirji. Sista ta dube su ta saman tabarau, ta ce, "Mama, je ki ɗauko mini robar. Mu a nan ƙwaya muke tambaya, ba ta iya kara ba."

Da azahar ta isa gida. Shagon na nan yadda ta bar shi, kujera a kife, kibiya a ƙasa. Ta shiga bayan labule, ta ɗauki robar a kan taga inda take zama. Ta girgiza, kacau-kacau. Ranta ya ɗan kwanta. Har ta kai ƙofa, sai halin ya motsa: bari dai ta ga nawa aka ƙara wa Auta a ɓoye. Ta murɗe murfin ta juye a tafinta.

Duwatsun kitso ne. Farare, ƙanana, irin waɗanda suke saka wa yara a jelar kitso. Ko ƙwaya ɗaya babu.

Sikeli ba ta yi makaranta ba, amma ba a taɓa cin ta a ƙidaya ba. Arba'in da biyar, ɗaya kullum, wata ɗaya da rabi. Tun daga ranar Auta ba ta koma asibiti ba, don in ta koma Sista za ta tambayi ina sauran, a ji sunan Yaya. Ba ta kuma zo ta ce Yaya ba ni nawa ba, don abin da aka raba ya rabu. Fiye da wata guda tana girgiza duwatsu, tana kurɓar ruwa, tana fitowa tana goge baki, don kada mai zaɓe ta ji kunya. A duk kwanakin nan maganin na nan taku uku daga shimfiɗarta.

Ta ɗaga katifa ta ɗauko gwangwanin. Ta ƙirga, talatin da huɗu.

A mota tana komawa, shaiɗan bai bar ta ba. Ya ce ta juye talatin da huɗun nan a robar, ta zubar da duwatsun, ta miƙa wa Sista. Lissafin ba zai fita daidai ba, za a ce Auta ce ke tsallakewa, a yi mata faɗa, ita kuma Auta ba za ta taɓa buɗe baki ba. Sikeli ta san ba za ta buɗe ba. Har ta kama murfin. Sai ta tuna likita ya ce yana son sanin ainihin abin da ya faru, kwana nawa, tun yaushe, kuma rabin gaskiya na iya sa ya bi hanyar da ba ita ba. Ta mayar da hannunta cinya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta same su a bakin gadon, likita da Sista. Ba ta yi sallama da kyau ba. Ta ajiye robar a kan teburin ƙarfe, ta ajiye gwangwanin man gashi kusa da ita, ta buɗe duka biyun.

"Wannan nata ne, wannan nawa. Ni na sa ta raba. Rabonta da ƙwaya kwana talatin da uku, in ban yi kuskure ba, kuma ba na yi."

"Yaya," in ji Auta daga kan gado.

"Rufe mini baki. Shekara arba'in kina rabo, ba ki taɓa cewa a'a ba, sai ka ce an ɗinke miki leɓe. Da kin mare ni ranar ai da ba mu zo nan ba."

Sista ta ɗauki dutse ɗaya ta juya shi a yatsa. Ta daɗe a aikin, ta ga masu sayar da magani, ta ga masu zubarwa a masai, ta ga masu ɓoyewa a cikin buhun hatsi don kada miji ya gani, amma ba ta taɓa ganin wannan ba. Likita ya sauke numfashi. Ya ce to yanzu ya san maƙiyinsa. Shekara uku ƙwayar na danne B, da aka ɗaga sai ya tashi gaba ɗaya, jiki ya tashi yaƙarsa, filin yaƙin kuma hanta ce da D ya riga ya rarake. Ƙanjamau ma ya samu sarari, sai an duba ko ya koyi kauce wa maganin. Ba dakatarwa za a yi ba, mayarwa za a yi, yau ɗin nan. Ya sa aka kawo sabuwar roba, Sista ta tsaya a kan Auta har ta haɗiye.

Sannan ya juyo ga Sikeli. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ta fi jin sauƙi.

"Baba, rabin wannan maganin ba rabin lafiya ba ne. Ke bai ƙare ki da komai ba, ita kuma ya kusa kashe ta. Nawa kika sha?"

"Goma sha ɗaya."

"A jere?"

"In na ji gajiya."

Ya dafe goshi. Ya ce naki da ke barci kin yi ta taɓa shi kina janye hannu, yanzu ke ma sai mun sa miki ido. A buɗe mata fayil, a ɗebi jini yau, ta dawo bayan mako biyu, daga nan duk wata har a ga yadda hali ya yi.

Kwana goma sha tara Auta ta yi a gadon jikin taga. Kwanakin farko ba wanda ya yi wa Sikeli alkawarin komai. Ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, ta koma aikinta na da, cokali da mita. Matan taron Asabar suka riƙa zuwa dubiya jere-jere, wannan da ayaba, wannan da lemo, su kewaye gadon suna kiran Auta 'yar'uwa. Sikeli na gefe tana ƙirga su. Ran nan har goma sha huɗu. Ta ce wa mai shara, ita in ta kwanta ko kare ba zai leƙo ba, mai shara ta ce to Allah ya sa kada a gwada.

Idon ya washe a hankali, kamar ruwan kwata bayan an ɗauke ruwan sama. Amma hanta ba ta manta ba. Likita ya ce ta yi tabo, tabon kuma ba ya gogewa, sai dai a hana shi faɗi. Auta ta dawo gida ba ta iya zaman kitso mai tsawo. Kai ɗaya a wuni, wani lokacin ko ɗaya babu. Duk kawunan layin suka dawo cinyar Sikeli, abin da ta yi shekara ashirin tana so. Yanzu tana kitso har yatsunta su ƙage, matar mai gidan burodi na cije baki tana cewa, "A hankali, Sikeli, kan nan shi kaɗai gare ni."

Robar magani ta bar kan taga, ta koma ƙugun Sikeli, a ƙulle a bakin zani. Kowace safiya ita ke buɗewa, ta dubi ƙwayar da kyau, ta danna ta da farce ta tabbatar ba dutse ba ce, ta sa wa Auta a tafi, ta tsaya har ta ga maƙogwaro ya motsa.

"Buɗe baki in gani. Ɗaga harshe."

"Yaya, ni yarinya ce?"

"Yarinya ba ta san dabarar duwatsu ba."

Sikeli ta samu katinta, mai hoto, ko da yake ta ce mai ɗaukar hoton ya tsufar da ita da gangan. Sista tana kiranta a waya in ranarta ta matso. Mama take ce mata, ba Hajiyata ba, kuma Sikeli ta lura. Ranar da suka je tare aka fito da fayilolinsu aka ajiye a kan tebur, ba ta ji abin da likita ke faɗa ba na ɗan lokaci, tana auna su da ido. Na Auta ya kai kaurin bulo, nata kamar ganye.

Suna dawowa suka tarar an aiko da lemo ɗaya babba daga gidan burodi. Auta ta miƙa hannu ga wuƙa, yadda ta saba tun tana shekara huɗu. Sikeli ta riga ta ɗauka. Ta yanka, yankan bai yi daidai ba, don ba ta taɓa koyo ba. Ta tura farantin gaban ƙanwarta.

"Zaɓi."

Auta ta dubi farantin, ta dubi yayarta. Ta kai hannu ga ƙaramin, Sikeli ta buge hannun. Sai ta ɗauki babban, ta ɓare, ta ci a hankali har ta gama. Sikeli ta ci nata, tsami ya kama ta, ta yamutsa fuska.

"Naki ya fi zaƙi, ko?"

"Lemo ɗaya ne, Yaya."

"Na sani. Amma naki ya fi."